Shawara a Cikin Gwangwani

Litinin, da safe, a ofis

Da hannuna nake wannan rubutu, babu wanda ya riƙe mini biro. Malamar ajin manya ta ce duk wanda ya koyi rubutu da girmansa ya riƙa rubuta abin da ya same shi, don kada hannu ya daskare. Ni kuwa ina da dalilin da ya fi nata, domin ni yanzu manaja ne a gidan burodin nan, kuma tunanin manaja bai kamata ya bi iska ba.

Sabon Mai Kamfani, wanda ya sayi gidan bara, shi ya ɗaga ni daga teburin curi zuwa ofis, ya sa ni a aji, sannan ya tura ni bita. A wurin bitar an koya mana cewa shugabanni iri uku ne. Akwai mai kama-karya, wanda yake yanke hukunci shi kaɗai. Akwai mai sako-sako, wanda yake barin kowa ya yi abin da ya ga dama. Akwai kuma mai shawara, wanda yake tara mutanensa ya ji ta bakinsu. Mai bitar ya ce na ukun shi ne na zamani. Na zaɓi na ukun.

Tun ranar da aka ba ni ofis ban taɓa kwaɓi ba, kuma ba zan taɓa ba. Hannun da yake riƙe biro bai dace a gan shi da fulawa ba. Na ji ma'aikata suna kirana Biro a bayan idona. Ban ɗauke shi zagi ba.

Talata, da hantsi

Ya zama dole in bayyana wani abu sau ɗaya, don kada in sake komawa kansa. Mai wuta, wato wanda yake tsayawa a bakin tanderu, a gida kawuna ne, wan mahaifiyata. A wurin aiki mai wuta ne, kuma haka zan riƙa rubuta shi. Lokacin da Mai Kamfani ya tambaye ni ko ina da dangi a cikin ma'aikata, na ce masa babu abin da zai shafi aiki. Ban yi ƙarya ba.

Yau na shiga ɗakin kwaɓi domin duba tsabta, sai na tarar da shi yana ba su labari. Yana cewa, “Wannan manajan naku, yana ƙarami duk curin da ya yi sai ya murɗa masa ɗan kunne a sama, don ya gane nasa in an fito da shi. Har ya girma hannun bai daina ba. Ko ba haka ba, yarona?”

Na ce masa a wurin aiki ana ce mini Manaja.

Ya ce, “To, Manaja yarona.”

Dogo mai kwaɓi ya yi dariya har da dukan tebur. Na lura da Dogo.

Laraba, da rana

Mai Kamfani ya kira ni cikin motarsa, ya sa na zauna a gaba, sanyi yana bugun fuskata. Ya ce fulawa ta yi tsada, mutum ɗaya ya yi yawa a gidan. Ya ce, “Kai ne manaja, ka yanke shawara, ka gaya mini kafin ƙarshen wata.”

Na ce, “Yallaɓai, an gama.”

Wannan shi ne babban aiki na farko da aka damƙa mini. Ban ci abincin rana ba saboda nauyinsa.

Alhamis, da yamma

Idanun mai wuta sun yi rawaya. 'Yar Leda, wadda take ɗaure burodi, ita ta fara gani. Ya je asibiti da katin kamfani, likita ya ce shawara ce, ya ba shi magani, ya ce ya rage tsayuwa a zafi kuma ya riƙa dawowa duk mako.

Abin mamaki, sunan ciwon da sunan salon shugabancina ɗaya ne. Na duba a littafin aji, rubutunsu ma ɗaya. Zan tambayi Malama.

Katin asibiti na ma'aikaci ne. Ɗakin da yake kwana, wanda ke bayan rumfar itace, shi ma na ma'aikaci ne. Na rubuta wannan ne kawai don ya zama a rubuce.

Asabar, da safe

Na tara su a gaban tanderu, na tsaya a kan matakala don kowa ya gan ni. Na ce musu da ni mai kama-karya ne, da yanzu na nuna mutum da yatsa. Amma ni mai shawara ne, saboda haka su da kansu za su zaɓi wanda za a sauke wa nauyin aiki.

Direba ya ce, “Manaja, sauke nauyi kuma? Kora kake nufi?”

Na ce ba a amfani da wannan kalmar a tsarin zamani.

Na ce kowa zai rubuta suna a takarda. Sai aka yi shiru, domin a cikinsu babu mai iya rubuta ko da sunan kansa. Na bar shirun ya ɗan daɗe, don su san darajar ilimi.

Dogo ya ce, “Mu dai kwaɓi muka iya. Sai dai mu jefi juna da shi.”

Da gatse ya faɗa, amma shugaba nagari yana tsintar dabara ko a bakin mai gatse. Na yanke cewa za a jera gwangwanayen burodi a ma'ajiya, kowane ma'aikaci da nasa, a ajiye alama a gabansa: gawayi na mai wuta, ludayi na Dogo, makulli na Direba, leda ta 'Yar Leda, haka har a gama. Kowa ya shiga shi kaɗai da curi guda, ya jefa inda ya ga dama. Ni ba zan jefa ba. Mai shawara ba ya sa hannu.

Na ba su mako guda su yi tunani.

Lahadi

Uwar yara ta ji labari. Ban san wa ya kawo mata ba.

Lahadi, da la'asar

Ta tsaya a ƙofar ɗaki da tsintsiya a hannu, ta ce, “Baban yara, ka cire gwangwanin Kawu daga layin nan.”

Na yi mata bayani a hankali cewa in na cire nasa, za a ce na nuna son kai, kuma son kai shi ne ciwo na farko da yake kashe kamfani.

Ta ce, “Ciwon da nake gani a idonsa yake. Mutumin da ya ɗauke ka ranar da uwarka ta rasu, ya kwantar da kai a kan buhunan fulawa, ya ƙi aure shekara da shekaru don kada wata ta zo ta wulaƙanta ka? Shi za ka jera da ludayi da makulli?”

Na ce mata ba ta je bita ba.

Ta ce, “Alhamdu lillahi.”

Talata, da hantsi

Tsarin yana aiki fiye da yadda na zata. Babu wanda ya makara tun Asabar. 'Yar Leda ta shigo ofis ta rufe ƙofa, ta ce Dogo yana lasar sukari. Dogo ya tare ni a bayan gida, ya ce Direba yana ɗaukar fasinja da motar burodi. Direba ya wanke mini babur ba tare da na sa shi ba, kuma ya daina gaisawa da 'Yar Leda, duk da cewa a layi ɗaya suke zaune.

A da suna cin abinci a faranti ɗaya a gindin katanga. Yanzu kowa da kusurwarsa. An rage surutu, an ƙara aiki. Mai bitar bai faɗi wannan amfanin ba, ni na gano shi.

Laraba, da rana

Dogo ya ware wa mai wuta kofinsa na shan ruwa, ya ɗaura masa zare a hannu. Yana faɗa da ƙarfi wai shawara tana bin numfashi, wai masu saye sun fara tambaya. Likita ya ce irin tasa ba ta yaɗuwa. Na san haka, domin ni na karanta takardar. Ban sa baki ba. Mai shawara yana barin mutane su bayyana ra'ayinsu.

Matar Dogo tana da tsohon ciki. Da yamma na gan shi zaune a kan buhu, ya haɗa kai da gwiwa. Da ya gan ni sai ya miƙe ya ce, “Ranka ya daɗe, Manaja.” Bai taɓa ce mini haka ba.

Alhamis

Mai wuta ya jingina da bango sau da yawa yau. Ya ce jiri ne kawai. Na tuna masa cewa bango ba wurin aiki ba ne.

Juma'a, da yamma

Ya zo ofis. Bai zauna ba, domin ban ce ya zauna ba, kujerar baƙi ce. Ya ce, “Yarona, ba roƙo na zo yi ba. In abin ya faɗo kaina, katin nan dai, ko za a bar mini shi har in gama shan maganin?”

Na ce ba a tattauna sakamako kafin a yi shawara.

Ya dube ni da idanun nan. Ya ce, “Rubutun naka ya yi kyau. Ina ganinsa a jikin ƙofa, layi a miƙe. Uwarka da ta gani da ta yi kuka.”

Na gode masa a hukumance.

Asabar, bayan an tashi daga aiki

An yi shawara.

Kowa ya shiga ya fito, babu mai kallon wani. Da aka zo kan mai wuta, sai ya mayar da curinsa cikin kwaɓi, ya ce shi ba ya jifan mutum da abinci. Na rubuta cewa ya ƙaurace.

Daga nan na shiga ni kaɗai domin in tabbatar an bi tsari. Na ɗan jima, saboda wurin ba haske sosai. Gwangwanaye biyu ne kawai aka taɓa, na gawayi da na ludayi. Da an yi kunnen doki, da sai a mayar da magana wurin Mai Kamfani, shi kuma ya ce manajansa ya kasa yanke abu ɗaya.

Ba a yi kunnen doki ba.

Na fito da gwangwanin gawayi na ajiye a kan tebur. Dogo ya zauna a ƙasa daɓas. 'Yar Leda ta rufe fuska da gyale. Na yi jawabi gajere a kan haɗin kai.

Ni ban yanke ba. Shawara ce ta yanke.

Lahadi, da safe

Ina karyawa, uwar yara ta kama hannuna na dama ta juya shi. Ta ce, “Mene ne wannan a farcenka?”

Na ce alli ne, na aji.

Ta kankare shi da nata farcen, ta murza, ta shinshina. Ta ce, “Allin naku har yis ake sa masa?”

Na je na wanke hannu da sabulu. Mace in ba ta da aikin yi sai ta koma binciken farce.

Litinin, da hantsi

Ina zaune ina shirya wasiƙar da za a kai asibiti, sai mai wuta ya shigo da faranti. Ashe ranar Asabar bai bar gwangwanin ya lalace ba. Ya sa shi a wutar ƙarshe ya gasa. Burodin ya fito curi-curi a manne da juna, ya yi ja, yana ƙamshin man da ya shafa masa.

Ya ajiye a kan takarduna. Ya ce, “Kwaɓi ba shi da laifi, bai kamata a zubar ba.” Sannan ya sa yatsa a kan curin tsakiya, wanda yake da ɗan kunne a sama. Ya ce, “Wannan ya fi sauran kyau. Hannun bai manta ba.”

Ya ajiye makullin ɗaki da katin a gefen farantin, ya fita.

Ban san abin da yake nufi ba. Masu irin wannan ciwo sukan yi sambatu. Na kuma lura cewa ya yi amfani da tanderun kamfani ba da izini ba, amma saboda halin da ake ciki na bar maganar.

Na sa burodin a aljihun tebur, domin maiƙo yana ɓata takarda.

Litinin, da yamma

Wasiƙar soke katin ita ce wasiƙar hukuma ta farko da na rubuta ni kaɗai. Na sake ta har sai da babu gogewa ko ɗaya. Na sa hannu a ƙasa da cikakken muƙamina.

Talata

Uwar yara tana so a kawo shi gidanmu. Na ce ɗakin baƙi yanzu ɗakin karatuna ne, kuma in ma'aikata suka ji wanda shawara ta sauke yana kwana a gidan manaja, tsarin ya rushe.

Ta ce, “Wace shawarar? Ta ido ko ta farce?”

Ba kowace tambaya shugaba yake amsawa ba.

Laraba, da safe

Ta kai shi gidan yayarta a ƙarshen gari, a bayan motar Direba, tsakanin farantan burodi. Direba bai nemi izini ba. Na lura da Direba.

Ta tafi da yara da tukunya babba.

Juma'a

Na dafa shayi da kaina. Ba wuya.

Asabar, da rana

Sun je asibiti, an ce an soke katinsa. Wannan ya nuna wasiƙata ta isa kuma an fahimce ta.

Ta aiko babban yaronmu ya ce in zo. Na ce ya gaya mata ƙarshen wata ne, aiki ya yi yawa, zan duba lokaci.

Ni ban yanke ba.

Litinin, da hantsi

Mai Kamfani ya zo da kansa. Bai kira ni mota ba, a tsakar gida ya tsayar da ni, ma'aikata suna ji. Ya ce wata mata ta tare shi a ƙofar gidansa ta gaya masa maganganu.

Ya ce, “Tsohon nan kawunka ne?”

Na ce, “Yallaɓai, a gida.”

Ya ce, “Kuma ba shi da lafiya? Kai wane irin mutum ne? Ni cewa na yi a rage mutum ɗaya, ban ce a jefar da mara lafiya a titi ba. Da ka buɗe baki ka ce mini a ba shi hutu a bar masa katinsa, ai da na ce to. Kalma ɗaya!”

Na ce ban so in nuna son kai ba.

Ya dube ni tun daga takalmi har hula, ya ce a mayar da katin yau. Ya shiga mota.

Na yi nazarin maganarsa sosai. A ganina gwaji ne. Manyan shugabanni sukan yi wa na ƙasa da su faɗa a gaban jama'a don su ga ƙarfin zuciyarsa. Ban nuna rauni ba.

Litinin, da la'asar

Wasiƙar mayar da kati ta fi ta sokewa wuya, domin dole a bayyana dalili ba tare da an ce an yi kuskure ba. Na rubuta na yaga, na rubuta na yaga. Akwai wata kalma da ban tabbatar ko da ƙugiya ake rubuta ta ba. Ba zan aika wasiƙar hukuma da kuskure ba. Ajinmu sai Laraba. Zan nuna wa Malama tukuna.

Talata

Yaron ya sake zuwa. Ya ce cikin ya kumbura, ba ya gane mutane sosai, amma yana tambaya ko yarona ya ci abinci.

Na ce ya gaya musu wasiƙa tana hanya.

Laraba, da yamma

Malama ta ce kalmar daidai take tun farko.

Alhamis

Ban je aiki ba.

Alhamis, da rana

Mutane da yawa a wurin makoki. Babu wanda ya matsa mini a tabarma. Na tsaya.

Asabar, da safe

Na rubuta sanarwa da manyan baƙaƙe na manna a ƙofar gidan burodi, cewa kamfani yana baƙin cikin rasuwar tsohon ma'aikacinsa, mai wuta. Masu wucewa suna tsayawa suna karantawa. Wannan shi ne karo na farko da jama'ar titi suka karanta rubutuna.

Dogo ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya ce, “Shawara biyu suka taru a kan bawan Allah, ɗaya a ido, ɗaya a gwangwani. Ta idon ma ta fi tausayi, ita ta ɗauki lokaci.”

Na ce ya tuna cewa shi ma ya jefa.

Ya ce, “Na jefa, Biro. Ni na san na jefa, ina kuma ganinsa duk sanda na rufe ido. Kai fa?”

A gabana ya ce Biro. Zan duba wannan a mako mai zuwa.

Lahadi

Uwar yara ba ta dawo ba. Ta aiko a ɗauki keken ɗinkinta.

Litinin, da safe, a ofis

Na buɗe aljihun tebur ina neman biro, sai ga burodin. Ya bushe ƙamas, gefensa ya fara kore. Na ɗauka zan jefa a kwandon shara, sai ya rabu a hannuna curi-curi. Na zubar da su ɗaya bayan ɗaya. Na tsakiyan ya ƙi shiga kwandon, wato ban sa shi ba. Yana nan a gefen kwalbar tawada, kunnen yana kallon sama.

Na yi ta juya maganar. “Wannan ya fi sauran kyau. Hannun bai manta ba.” Magana irin wannan tana iya ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, kuma an koya mana cewa in abu ya rabu biyu, aikin shugaba ne ya tsayar da ɗaya, kada ya bar shi kunnen doki. Babu wanda zan tara in tambaya. Saboda haka wannan karon ni kaɗai zan yanke.

Kawu yabona ya yi.

Na yanke shawara cewa yabo ne.